Idan an sauke allon shago, ina yake zuwa?

Wani kemis da ke bakin layinmu ya tashi a ƙarshen rani, ya koma wata unguwa. Ranar da ake kwashe kaya ina zaune a benci wajen mai gyaran rediyo, sai na ga an sauko da allon da ya shekara bakwai ko takwas a saman ƙofar. Irin akwatin nan ne mai haske da dare, firam ɗinsa na ƙarfe, fuskarsa roba mai kauri, a cikinsa kuma dogayen ƙwayayen lantarki huɗu da wayoyinsu. Ba a yi minti ashirin ba wani ɗan jari bola ya tsaya da kurarsa. "Alhaji, na sayarwa ne?" Alhaji ya ce, "Nawa ka saya?" Suka daidaita a tsaye, kuɗi ya shiga aljihu, mota ta tashi.

A nan bakin kwata mutumin ya hau aiki da guduma da filaya. Ƙarfe ya yi gefe guda, waya ta yi gefe guda, 'yan sandunan alminiyom da suka riƙe fuskar allon suka shiga buhu. Ƙwayayen kuwa sai ya miƙa wa yaron da ke tura masa kura. Yaron ya tsuguna, ƙafarsa ba takalmi, yana buga su a jikin dutse ɗaya bayan ɗaya don ya cire 'yan hulunan ƙarfen da ke bakinsu. Kowanne ya fashe sai wani farin gari ya tashi, shi kuwa fuskarsa tana daidai kai. Da suka gama suka tura kura suka wuce. Fasasshiyar kwalba da tsagaggiyar roba suka kwana a wurin, washegari da almuru wani ya tara su da sauran shara ya cinna wuta.

Babu wanda ya yi niyyar cutar da kowa a cikinsu. Alhaji ya sayar da kayansa, ɗan jari bola ya nemi halaliyarsa, wanda ya ƙona shara yana ganin tsafta ya yi. Amma tun daga ranar nake juya abin a raina, domin na lura da wani tsari da ke maimaita kansa a kan kowane tsohon allo. Ido yana ganin allo kamar abu guda, alhali kaya ne biyar ko shida aka haɗa wuri ɗaya. Waɗanda ke da daraja a cikinsu ba sa kwana a ƙasa, kullum akwai mai saye. Waɗanda ba su da daraja su ne masu guba, kuma su ne ake bar wa yara da kwata da wuta.

Yawan allunan da ake saukewa ya wuce yadda muke zato. Duk wanda ya riƙe waya tun farkon zuwanta Najeriya ya san kamfanin da ya fara da sunan Econet a 2001, ya koma Vmobile, ya koma Celtel, ya koma Zain, kafin ya zama Airtel a 2010. Kowane canjin suna yana nufin an sauke alluna a ofisoshi da shagunan dillalai da rumfunan masu sayar da kati daga Legas har Maiduguri. Etisalat ta zama 9mobile a 2017. Garambawul ɗin bankuna na 2005 ya mayar da bankuna 89 zuwa 25, kowane reshe kuma da allonsa. Skye ya zama Polaris a 2018, Diamond ya shige cikin Access a 2019. Wannan na manyan kamfanoni ke nan. Ƙara da shagunan da ke buɗewa su rufe kowace shekara a Kantin Kwari da Sabon Gari, da makarantu masu zaman kansu, da gidajen abinci, sannan uwa uba lokacin zaɓe, inda kowane ɗan takara daga kansila har shugaban ƙasa sai ya rufe gari da hotunansa. Kwana biyu bayan an sanar da sakamako duk sun zama shara.

Mu fara da ɓangaren da yake tafiya daidai, don a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. 'Yan gwangwan da 'yan jari bola su ne hukumar sake sarrafa shara ta gaskiya a garuruwanmu. Ƙarfen firam yana zuwa wajen dila, a ɗora shi a sikeli, a tara shi har ya cika tirela, a kai masana'antun narka ƙarfe, da yawansu a Legas da Ogun, ya dawo mana a matsayin rodin gini. Wani ma ba ya zuwa ko'ina, mai walda ne zai saye shi a Kofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ya mayar da shi ƙafar teburi ko murhun gawayi. Jan ƙarfen da ke cikin waya shi ya fi komai tsada a kilo, sai alminiyom, sannan baƙin ƙarfe. Alminiyom kuwa abin sha'awa ne, domin ana iya narka shi sau ba adadi ba tare da ya lalace ba, kuma narka tsohon yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da ake buƙata wajen fitar da sabo daga ma'adini. Yana narkewa a zafin digiri 660, abin da maƙeri zai iya kaiwa da gawayi da zugazugi. Shi ya sa za ka ga ana zuba tukwane da ludaya da shi a Panteka, haka ma a kasuwar Katako ta Yamai.

Sai dai ko a nan akwai abin lura, kuma ya shafi fenti. Binciken da aka yi a kasuwannin ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, ya sha gano dalma mai yawa a cikin fentin mai, musamman rawaya da ja, wato launukan da masu rubuta allo suka fi so saboda suna ɗaukar ido. Tsohon allon kwano da aka shafa wa fenti shekara ashirin da suka wuce yana iya ɗauke da ita. Muddin fentin yana manne ba matsala sosai. Matsalar tana farawa ne idan aka sa samfefa ana gogewa a bushe, ko aka gasa shi da wuta don fentin ya ɓare, ko aka jefa shi cikin tukunyar narki haɗe da sauran tarkace. A 2014 an wallafa wani bincike da aka yi a Kamaru a kan tukwanen alminiyom na gida waɗanda ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, aka samu dalma tana fita daga jikinsu idan an yi girki. Mu kuwa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan dalma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Tasu dalmar daga duwatsun zinare ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma hanyarta ɗaya ce: ƙura ta sauka a tsakar gida, yaro ya taɓa ƙasa ya kai hannu baki. Wanda bai mutu ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa. Don haka idan za a kankare tsohon allo a sake rubuta shi, a yi a waje, nesa da yara, a jiƙa shi da ruwa kafin a goge, a share garin a ƙulle a leda.

Yanzu mu koma kan yaron nan da ƙwayayen lantarki. Farin garin da ke jikin kwalbar daga ciki shi ne yake mayar da hasken ya zama fari. Abin da ke sa ƙwan ya kama tun farko kuwa zaiba ce, 'yar kaɗan, miligiram kaɗan a kowane ƙwai, tsofaffin sun fi sababbin yawa. Idan ƙwan ya fashe, wani kaso nata yana tashi a matsayin tururi wanda ba ya da wari kuma ba a ganinsa, sauran kuma yana manne da garin yana ci gaba da fita a hankali. Gaskiya ita ce ƙwai ɗaya da ya fashe a fili ba zai kwantar da mutum ba, kuma ba na son in tsorata kowa fiye da kima. Wanda nake ji wa tsoro shi ne wanda wannan ce sana'arsa, yau huɗu, gobe goma, shekara da shekaru, tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Zaiba tana taruwa a jiki, tana taɓa jijiyoyi da ƙoda, tana kawo rawar hannu da mantuwa. Idan kuma ruwan sama ya wanke ta zuwa kududdufi ko kogi, ƙwayoyin halitta suna juya ta zuwa wani nau'i da ya fi muni, wanda ke taruwa a jikin kifi.

Duniya ta san wannan ne ta hanya mai ɗaci. A 1956 aka gano wata cuta a garin Minamata na Japan, inda wata masana'anta ta daɗe tana zubar da ruwa mai zaiba a teku, masunta da iyalansu suna cin kifin. Mutane suka shanye, aka haifi jarirai da naƙasa. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a 2013 don rage amfani da zaiba, ta fara aiki a 2017, Najeriya da Nijar da Gana duk suna ciki. A taron 2023 aka amince a daina ƙera irin waɗannan dogayen ƙwayaye na haskaka ɗaki zuwa 2027. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce nan da 'yan shekaru za a yi ta cire tsofaffi ana sa sababbin ƙwayayen LED marasa zaiba, kuma duk waɗanda aka cire sai sun sauka a wani wuri.

Abin da mai shago zai yi a nan bai da wuya ko kaɗan. Kafin ya kira ɗan gwangwan, ya kashe wuta daga tushe, ya buɗe akwatin, ya zare ƙwayayen da hannunsa. Wanda ke aiki a ba wa mai buƙata. Wanda ya mutu a naɗe shi da takarda a sa a kwali, a rubuta a jiki, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa. Idan ɗaya ya fashe a cikin shago, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita na ɗan lokaci, a kashe fanka, sannan a kwashe da kwali mai tauri da tsumma mai laima maimakon tsintsiya, don tsintsiya watsa garin take yi. A zuba a kwalba mai murfi. Haka nan allunan neyon, waɗannan lanƙwasassun kwalabe masu haske da ake gani a wasu otal da gidajen sinima na da. Masu jan haske iskar neyon ce zalla a ciki, amma masu shuɗi da kore da fari yawanci akwai zaiba. Taransfomarsu kuma tana iya kaiwa bolt 15,000, don haka ba aikin yaron shago ba ne, a nemi mai gyaran wuta.

Na san tambayar da za ta biyo baya: to, in na tara su a kwali, ina zan kai? Tambaya ce mai nauyi. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli a Najeriya, wadda aka kafa a 2007, tana da dokoki a kan sharar kayan lantarki tun 2011, kuma a 2018 aka kafa EPRON, ƙungiyar da kamfanonin da ke ƙera ko shigo da kayan lantarki za su riƙa ɗaukar nauyin tattara su ta hannunta idan sun mutu. A takarda tsarin yana nan. A ƙasa kuwa, mai shago a Gusau ko Azare ko Maraɗi ba shi da wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa da kwalinsa. Duk da haka ajiyewa ta fi fasawa, domin ƙwan da bai fashe ba ba ya cutar da kowa ko zai shekara goma. Kuma a ganina wannan aiki ne da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya ɗauka. Kasuwar da ke iya tara kuɗin masu gadi da na gyaran taransfoma ba za ta gaza ware lungu guda da durom mai murfi ba. Idan aka tara da yawa, akwai bakin magana da hukumar tsaftar muhalli ta jiha, kamar REMASAB a Kano, ko da kamfanin da ke da lasisin karɓa. Mutum ɗaya da ƙwai huɗu ba wanda zai saurare shi, kasuwa guda da ƙwai dubu kuwa za a saurare ta.

Sai fileks, wadda ita ce babbar matsalar ta fuskar yawa. Ledar nan ce mai kauri da ake buga hoto da rubutu a kai da inji, wadda ta kori masu rubutu da burushi daga kasuwa saboda arha da sauri. In ka tsaga ta za ka ga zare a ciki kamar raga. Zaren na foliyesta ne, an lulluɓe shi gaba da baya da robar PVC. Wannan haɗin shi ne ƙarfinta, shi ne kuma ya sa masu injin niƙa roba ba sa son ta. Suna karɓar gorar ruwa da fasasshen bokiti da kujerar roba, domin kowanne roba iri ɗaya ce da za a niƙa a narka. Fileks kuwa roba biyu ce da ba sa narkewa tare, raba su kuma ya fi ƙarfin ƙaramin inji. Shi ya sa ɗan jari bola yake cire firam ya yar da ita.

Talaka dai bai taɓa barin ta ta tafi a banza ba, kuma wannan abin yabo ne. Je ka kowace tasha za ka ga rumfar mai shayi da aka rufe da hoton wani ɗan takarar sanata. Ana rufe buhunan hatsi da ita a bayan mota idan hadari ya haɗo, ana toshe yoyon ɗaki, ana kewaye banɗaki, ana rufe babur da injin markaɗe, ana kare ɗakin kaji daga sanyin hunturu. Duk shekarar da ta ƙara tana aiki, shekara ce da ba a sayi sabuwar tamfol ba. A birnin Zurik na Suwizalan wasu 'yan'uwa biyu sun fara ɗinka jakunkuna da tsohuwar tamfol ɗin manyan motoci a 1993, kamfaninsu Freitag har yau yana nan, kuma kayan nasu dangin fileks ne. Telolinmu masu ɗinkin kujerar babur da rumfar A Daidaita Sahu suna da keken da zai iya wannan ɗinki. Jakar makaranta, jakar kayan aikin makanike, murfin janareta, duk za su fito.

Inda nake roƙon a yi hattara shi ne abinci. Na sha ganin an shimfiɗa fileks a bakin titi ana shanyar tumatir da barkono da kuɓewa a kai, har da garin rogo da tsakin masara, sau da yawa ma a kan fuskar da ke da hoton. Ita PVC a asalinta tauri gare ta kamar bututun ruwa, sai an zuba mata wasu sinadarai take yin laushi, kuma waɗannan sinadaran ba a ɗaure suke da ita ba, suna fita a hankali, zafin rana da maiƙo suna ƙara musu sauri. Tawadar bugun ma ba a yi ta don ta taɓa abinci ba, tana ɓarewa idan rana ta dafa ta. Tumatir kuma ga ruwa ga tsami. Tabarma ko buhun da aka wanke sun fi. Idan babu yadda za a yi, a juya bayanta a shimfiɗa wani abu a kai. Kada kuma a shimfiɗa ta a rami don tara ruwan sha, kada a naɗe nama ko ƙuli da ita.

Abin da ya fi duka muni shi ne ƙona ta. Fiye da rabin nauyin PVC zalla sinadarin kulorin ne, kusan kashi 57 cikin 100. Idan ta kama wuta tana fitar da hayaƙi mai yaji wanda yake zama asid da zarar ya haɗu da laimar ido da maƙogwaro da huhu. Wanda ya taɓa wucewa ta kusa ya san yadda yake shaƙe mutum. Wannan shi ne wanda ake ji nan take. Akwai kuma wanda ba a ji, wato dayoksin, gubar da ke samuwa idan abu mai kulorin ya ci wuta a fili da zafin da bai kai ba. Tana sauka da toka, ta zauna a ƙasa shekaru, kaji su yi tono a wurin, ta taru a kitsensu da ƙwansu. A Agbogbloshie ta birnin Akara, inda samari, da yawansu 'yan arewacin Gana, suka daɗe suna ƙona waya don fitar da jan ƙarfe kafin a rushe wurin a 2021, an gwada ƙwan kajin da ke yawo a filin, rahoton da ya fito a 2019 ya nuna gubar ta ninka abin da aka yarda da shi nesa ba kusa ba. Rigar waya ma PVC ce. Don haka wayar da aka zare daga allo a fere ta da wuƙa, kada a ƙona. Jan ƙarfen da aka fere ma ya fi wanda ya ƙone kyau a idon mai saye. Ina kuma roƙon iyayenmu mata da ke kunna murhu da guntun leda su bar saka wannan a ciki, domin su ne ke durƙushe suna hura wutar, sau da yawa da goyo a baya.

Idan fileks ta gama mutuwa, ta bushe tana karyewa, a naɗe ta a ɗaure a kai juji na hukuma. Na san ba mafita ce mai daɗi ba, domin a jujin ma wuta takan tashi. Amma ta fi barin ta a titi, inda iska za ta kai ta kwata ta toshe ruwa a watan Agusta, ko akuya da saniya su haɗiye guntayenta. Indiya ta ga yawan abin ya isa, ta hana siraran allunan PVC da kaurinsu bai kai maikiron 100 ba daga 1 ga Yulin 2022. Mu ba mu kai can ba, amma ba abin da zai hana a ce duk jam'iyyar da ta liƙa ita za ta kwashe, a karɓi kuɗin ajiya a hannunta kafin a ba ta izini, in ta kwashe a mayar mata. Legas ta kafa hukumar kula da alluna, LASAA, tun 2006, wasu jihohi ma sun bi sahu. Galibi dai ƙarfin irin waɗannan hukumomi yana tafiya ne wajen karɓar kuɗin kafawa. Ina ganin lokaci ya yi da takardar izini za ta faɗi wanda zai sauke, da inda zai kai.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu musamman. Allunanmu da yawa suna ɗauke da Bismillah, ko Masha Allah, ko aya sukutum, sunayen shagunan ma da yawa akwai sunan Allah a ciki. Musulmi ba ya jin daɗin ganin wannan a kwata ko an shimfiɗa shi ana takawa, kuma da gaskiyarsa. Abin da muka saba da shi a kan takarda shi ne ƙonawa, malamai kuma suna kafa hujja da abin da Sayyidina Usman ya yi da sauran kwafin Alƙur'ani bayan an tattara shi a mushafi guda. Sai mutum ya ɗauki wannan hukunci ya ɗora a kan fileks, da kyakkyawar niyya, ya turnuƙe maƙwabtansa da hayaƙi mai guba. Amma malaman sun ambaci wasu hanyoyin, kamar binnewa a wuri mai tsarki da wanke rubutun har ya goge. Su suka fi dacewa da roba. A yanke daidai wurin da sunan yake da reza, yawanci bai wuce faɗin hannu biyu ba, a goge tawadar da tina ko a binne guntun, sauran kuma ya tafi aikin rumfa. Na kwano a shafe rubutun da fenti kafin a sayar. Zai yi kyau limamai su taɓa wannan a huɗuba, domin mutane da yawa tsoron zunubi ne yake sa su kunna wutar.

Haka kuma a duba abin da ke rubuce na sirrin kasuwanci. Allunan yanzu suna ɗauke da lambar waya, wasu har da lambar asusun banki, na asibiti da kemis da makaranta kuma da lambar rajista. Allon da ya fita daga hannunka da sunanka a jiki, wani zai iya rataya shi a wata unguwa ya yi ciniki da amanar da ka shekara ashirin kana ginawa. Minti biyar da burushi sun isa a shafe.

Wanda ya tashi ya bar allonsa a sama kuwa, ya bar wa mutane hatsari. Walda tana tsatsa, ƙusa tana saki, sai guguwar farkon damina ta zo ta same shi. A watan Mayun 2024 wani ƙaton allon talla ya faɗo kan gidan mai a birnin Mumbai lokacin guguwa, mutum 17 suka mutu. Namu na saman shago ba su kai wannan girma ba, amma kwano mai kaifi da iska ta ɗauko ya isa ya raba mutum da ransa. Wajen saukewa a lura da wayar wuta da ke wucewa ta saman rufi, a ɗaure allon da igiya kafin a yanke ƙafarsa, a tare hanya. Fuskar shago ta zamani mai sheƙi, wadda siraran alminiyom biyu ne da roba a tsakiya, ita ma kada a yanka ta da wuta ko a jingine tarinta kusa da janareta. Irinta ce ta ruruta gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, inda mutum 72 suka rasu.

Ba kowane tsohon allo ne ya kamata ya je sikeli ba. A birnin Las Vegas na Amurka an kafa gidan adana tsofaffin allunan neyon tun 1996, mutane suna biyan kuɗi su shiga kallo. Allunan aski da masu zane na Gana suka yi da hannu yanzu suna rataye a gidajen tarihi na Turai. Mu ma muna da namu: allunan kantunan John Holt da G.B. Ollivant da Leventis da iyayenmu suke ba da labari, da rubutun ajami a ƙofar tsofaffin shaguna, da zanen masu burushi na Fagge da Sabon Gari waɗanda injin bugu ya raba da sana'arsu. Kilo nawa ne a jikin irin wannan allo? Kuɗinsa a wajen ɗan gwangwan ba zai sayi kwanon shinkafa ba. Wanda ya gaji shagon mahaifinsa ya ajiye shi a cikin shagon, ko ya tuntuɓi Gidan Makama na Kano ko Gidan Arewa da ke Kaduna, in ma ba zai iya ba ya ɗauki hotonsa da waya kafin guduma ta hau kai.

Mafi sauƙin lokacin gyara wannan matsala shi ne ranar da ake ba da aikin sabon allo. Ka ce wa mai aikin ya ɗaure fuskar da noti maimakon gam ko walda, yadda in suna ya canza fuskar kawai za a cire, firam ya zauna. Ka zaɓi LED, ba ta da zaiba kuma ba ta shan wuta, ko da yake ita ma in ta mutu sharar lantarki ce, ba ta shiga wuta. Kada a buga abin da ke saurin canzawa, kamar farashi da lambar asusu, a jikin babban allo, a yi masa ƙaramin nasa daban. Tallan kwana uku na bikin buɗe shago ko walima a yi shi a kan yadi, in an gama ya zama tsumma. Sannan ka tambaye shi tun kafin ka biya kafin alƙalami ko zai karɓi tsohon idan ya zo kafa sabon, domin shi ya san wanda ke sayen roba mai kauri a yanka ta a yi ƙananan alluna, kuma firam ɗin da kake gani ya tsufa, a wajensa rabin aikin wani kwastoman ne.